Amsar Soron Baba Goni

Na san abin da ake faɗa muku a gidan baffanku Bukar. An ce na tayar da hankalin unguwa da wasan yara, an ce ni na kwantar da gwaggonku Falmata, an ce tsufa ya zo mini da wauta. Duk na ji, don kunne ne sana'ata tun kafin a haifi yawancin masu maganar. Ban tanka ba a lokacin, ba na son ku ga iyayenku suna cacar baki da furfura a kansu. Ita gwaggonku ba ta maganar, kuma kada wanda ya je ya tambaye ta. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku yi hukunci da kanku.

Ku da kuka tashi a Dala ba ku san soron kakanku ba sai dai a gaisuwar Sallah, a shiga a fito. Soron ƙasa ne a ƙofar gidanmu na Shehuri, magina daga Kano suka yi shi, rufinsa ɗaurin guga, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. A ciki mahaifinmu Baba Goni yake karantarwa, a ciki yake tilawa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne Baba ba shi da babbar murya. In yana magana a tsakar gida sai ka matso kusa kafin ka ji. Amma in ya hau buzunsa a cikin soron nan ya yi bisimilla, sai muryar ta cika, ta hau sama ta dawo, ƙarshen kowace aya ya ɗan tsaya a iska kafin ya sauka. Mu da muka tashi a gidan mun ɗauka haka muryar kowane uba take.

Lokacin da nake aiki a gidan rediyo, wajen ɗaukar sauti, na kai shi ɗakin aikinmu na ɗauki karatunsa. Ɗakin nan an lulluɓe bangonsa da soso don kada ya amsa ko kaɗan, haka ƙa'idar aikin take. Karatu ya fito tsaf, babu kukan kaza, babu tarin kowa. Bayan rasuwarsa na mayar da kaset ɗin cikin kwamfuta don kada ya lalace. Sai dai duk ranar da na kunna, sai in ji kamar wani baƙon malami ne da ya yi karatu a wurin Baba. Haruffan nasa ne, inda yake tsayawa nasa ne, amma abin a bushe yake. Rabin muryar da muka sani ashe a jikin bango take.

Sai ga shekarar da ruwa ya ci gari. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun taka ruwan da ƙafarku. Da ya janye, soron yana nan tsaye, amma gindin bangon ya jiƙe ya yi laushi, tsaga ta taso daga ƙasa ta nufi rufi. Ya Bukar, wanda gidan yake hannunsa, ya ce za a rushe shi kafin ya danne wani, a tayar da na bulo. Ban yi masa musu ba, gaskiyarsa ce, bangon da ya sha ruwa ba ya jin roƙo. Ya yi magana da magina, suka ce da zarar sun gama aikin da ke hannunsu za su zo. Na koma gida zuciyata a cunkushe. Ina da muryar Baba babu soro, ga soro zai tafi babu murya.

A wannan halin na shiga Kasuwar Litinin neman waya, na tsaya a shagon Emeka mai sayar da lasifika. Abokina ne tun muna samari, shi ya zo daga kudu da akwati ɗaya, Hausarsa da Barbarcinsa yanzu sun fi na wasunku. Ya ga fuskata ya tura mini kujera, na zayyana masa komai.

"Malam Kyari, to ai ba sai ka riƙe ginin ba," in ji shi. "Ka ɗauki amsarsa ka ajiye."

"Amsar wa? Soro nake gaya maka, ba mutum ba."

"Soro ma yana amsawa, kai ka fi ni sani. Abin da ba ka sani ba, yanzu ana iya kama ta. Matso ka gani."

Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wata manhaja da suka yi aiki da ita a cocinsu, lokacin da ɗakin ibadarsu yake cinye maganar mai wa'azi. Ga yadda abin yake, in faɗa muku a taƙaice. Kowane ɗaki yana da yadda yake mayar da sauti. In ka yi ƙara guda ɗaya, gajera mai ƙarfi, duk abin da ya biyo bayanta har ya mutu, wannan ita ce amsar ɗakin. Makirfo ya ɗauka, manhajar ta yanke ƙarar da wutsiyarta ta ajiye. Daga nan duk muryar da ka ba ta, sai ta ɗora mata wannan amsa, ka ji kamar a cikin ɗakin aka yi maganar. Sharaɗin guda ne: bayan ƙarar, kada komai ya yi motsi sai wutsiyar ta ƙare. Tari ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Na kwashi abin na kai gida. Tabarau a hanci, kwana da kwanaki ina fama da shi, mamanku tana cewa na samu kishiyar da ba ta girki. Na fara gwadawa a banɗakinmu da tafi, na ɗora amsar a kan muryata, sai ga ni ina magana daga banɗaki alhali ina zaune a falo. Ranar na yi dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Amma tafi bai isa soro ba, wutsiyarsa tana nutsewa cikin hayaniyar titi. Manhajar tana da wata hanya, ta saki wani dogon fito ta babbar lasifika, ya taso daga ƙasa ya haura sama. Wannan kuwa sai da wuta, ga shi babu wuta a Shehuri tun ambaliya, in ka tayar da janareta kuma ƙararsa ce za ta cika makirfo. Abin da ya rage shi ne a hura babbar balan-balan a fasa da allura.

Ban yi abin a ɓoye ba, wannan ku riƙe shi. Na je na gaya wa Bulama, mai unguwarmu, ya sa aka yi sanarwa a masallaci bayan azahar cewa gobe da hantsi za a ji ƙara daga soron Goni, kada kowa ya tsorata. Maza suka ji, suka gyaɗa kai, suka koma harkokinsu. Babu ko ɗaya, har da ni, da ya tuna cewa sanarwar masallaci a masallaci take kwana. Ba ta shiga cikin gida wurin mata ba.

Washegari da hantsi na sa aka kwashe tabarmi da alluna don wuri ya yi fili, na kafa makirfo, na fasa balan-balan ɗin. Soron ya karɓi ƙarar ya ninka ta ya tura ta waje ta ƙofa. Kafin in sauke hannuna unguwa ta kaure. Mata suka fito da gudu, wasu ba mayafi, kowa tana jan ɗanta, mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a wuta, 'yan sintiri suka iso da sanduna. Ba na ganin laifin kowa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa a garin nan an sare mu ba sau ɗaya ba.

Ya Falmata ba ta gudu ba. A ɗakinta aka same ta zaune, bayanta a jikin bango, idonta a buɗe, ana yi mata magana ba ta amsawa. Kun san ita ce babbarmu, kun kuma san ɗanta Modu, ko da yake ƙananan cikinku sai dai a hoto. A shekarun tashin hankali ya fita kasuwa da safe, aka ji ƙara daga can, bai dawo ba, ba a kuma samu abin da za a binne ba. Tun daga ranar ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinta ya ɗauki rawa. Ya Bukar ya tare ni a tsakar gida, yana huci.

"Kyari, da furfurarka? A garin nan? A gidan da Ya Falmata take?"

"An yi sanarwa, Ya Bukar."

"Kwashe tarkacenka. In na sake jin ko tafi a soron nan, babu ni babu kai."

Na kwashe na tafi. A gida na saurari abin da na samu, da fatan ko wahalar ta biya. Kafin ihun mata ya shigo akwai ɗan guntun da ya tsira, na ɗora shi a kan karatun Baba. Sai na ji shi kamar yana karatu daga cikin rijiya. Na daɗe zaune kafin in gano dalili. Ni da hannuna na sa aka kwashe komai. Soron Baba kuwa bai taɓa zama fanko ba, kullum cike yake da tabarmi, da alluna jingine da bango, da mutane cikin manyan riguna. Tufafi da jikin mutum suna shan sauti, su suke tausasa amsar. Ashe in har ina son soron da muka sani, sai na sake fasawa, kuma wannan karon da mutane zaune a ciki, ƙarar tana tashi a gaban idonsu.

Mamanku ta ce in haƙura. Emeka ma ya ce wani abin barinsa ake yi. Na auna maganar Ya Bukar, na san ba barazana ba ce, shi in ya faɗa ya faɗa. Muna ciki ɗaya, mun tsufa tare, ba ƙaramin abu ba ne a ce babu gaisuwa tsakaninmu. Amma fushi yana iya hucewa, soro kuwa in ya faɗi ya faɗi ke nan. Na ce zan yi. Ban yi da-na-sani ba a lokacin, yau ma ban yi ba.

Wannan karon gida-gida muka bi. Ni ina tsayawa a ƙofa da maza, mamanku tana shiga ciki da balan-balan a hannu, ta nuna wa mata, ta ba su su taɓa, ta gaya musu rana da lokaci. Na roƙi mai injin niƙa ya kashe injinsa da hantsin ranar, na roƙi masu keke mai ƙafa uku su bi ta ɗaya layin. Sannan na nemo tsofaffin ɗaliban Baba, waɗanda yanzu su ma malamai ne da jikoki, na ce kowa ya zo da rigar da yake zuwa karatu da ita. Babu wanda ya ƙi. Na aika wa Ya Falmata cewa ta zo wurinmu Dala ta wuni, ta aiko mini cewa ba inda za ta.

Ranar soron ya koma yadda yake a da. An shimfiɗa tabarmi, an jingina alluna, an ajiye buzun Baba a mazauninsa. Maza suka zauna sahu-sahu, aka bar gefen tsagar babu kowa, mata suka taru a bayan asabarin ƙofar ciki kamar yadda suke yi lokacin tilawar azumi. Ya Bukar ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, bai shiga ba. Na tsaya kusa da buzun na yi bayani: za ku ji ƙara, abin da nake roƙo shi ne shiru na tsawon numfashi guda, sai na ɗaga hannu. Kowa ya ce ai wannan mai sauƙi ne.

Na fasa balan-balan ɗin. Soro duka ya ɗauki salati.

Aka yi 'yar dariyar kunya, na sake hura wata. Na ce to yanzu kun san yadda take. Na fasa, salati ya sake tashi, har ya fi na farko. Na gwada ƙirgawa don su shirya, sai abin ya ƙara muni, tun kafin in kai ƙarshe wasu sun fara. Raina ya ɓaci, na ce haba jama'a, balan-balan ce fa ta yara, kuna ganin ta a hannuna. Wani dattijo daga sahun gaba, mutumin da ya haddace Alƙur'ani tun ina rarrafe, ya dube ni idonsa ya kaɗa.

"Kyari, ba mu muke yi ba. Bakin ne yake yi da kansa."

Na duba sahu na ga mutum biyu sun tashi sun fita ba sallama. Ya Bukar ya ce daga bakin ƙofa, "Ya isa haka, ka gama wulaƙanta mutane." Ina tsaye da balan-balan a hannu, sai asabari ya ɗaga. Ya Falmata ce. Tun da aka gina soron nan mace ba ta taɓa ratsa sahun maza a cikinsa ba. Ta ratso a hankali, tana dafa bango, ta zo ta tsaya a gabana.

"Ba ni allurar."

"Ya Falmata, koma ciki," in ji Ya Bukar.

"Bukar, ni na goya ka. Shigo ka zauna ko ka fita, kana tare ƙofa."

Bai shigo ba, bai kuma fita ba. Ta juya ta fuskanci mutane, muryarta ƙasa-ƙasa, amma soron ya kai ta ko'ina.

"Ni zan fasa. Ku dube ni, kada ku dubi abin. Duk kun san abin da ƙara ta ɗauke mini. In ni na yi shiru, ban ga wanda zai ce ya kasa ba. Salatin ku yi shi a zuci, Wanda ake yi dominsa yana ji."

Na riƙe mata balan-balan ɗin, na matsa gefe yadda zan ga allon kwamfuta. Ta cije leɓe, ta soka.

Ƙarar ta tashi, ta bugi rufi, ta zagaya, ta dawo. Babu wanda ya yi motsi. A kan allo na ga layin ya haura ya fara gangarowa sumul, babu ko ƙwarzane, a kunnena kuma na ji soron yana sauke ta a hankali yadda yake sauke ƙarshen aya. Tsofaffi baki a rufe, hawaye yana bin gemu, duk idonsu a kanta. Ita kuwa tana tsaye ƙyam da allura a hannu. Sai da layin ya kwanta gaba ɗaya na ɗaga hannu. A lokacin ne ta sulale ƙasa, mata suka shigo suka ɗauke ta.

Ta kwanta, wannan gaskiya ne. Zazzaɓi da rawar jiki, abinci ba ya shiga sai ruwa. Tana kwance magina suka zo suka sauke soron, ana jin faɗuwar ƙasa daga ɗakinta. Ya Bukar ya cika alkawarinsa. Tun daga ranar, in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai dai ya miƙo mini hannu yana kallon wani wuri. Ya aurar da 'ya ba a aiko mini ba, a bakin maƙwabta na ji. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, ɗan'uwana ne kuma ina son sa. Amma kada ɗayanku ya yanke zumunci da gidansa saboda ni. Shi tsoron rasa 'yar'uwarsa ya ji, ba mugunta ba ce.

Da na gama haɗa aikin ban sa wa kowa ba, na ɗauki kwamfuta na nufi Shehuri. Na ratsa filin da soron yake a da, an jibge bulo da yashi. Na same ta kwance a kan katifa, ta rame, jikokinta suna yi mata fifita. Ta sallame su. Na sa mata abin saurare a kunne na kunna. Ta rufe ido. Da Baba ya yi bisimilla sai ta yunƙura ta tashi zaune, ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta tanƙwashe ƙafa. Haka ta zauna har ya kai ƙarshen sura, leɓenta yana bin sa. Ni ban iya kallon ta ba, na zuba wa ƙasa ido. Da ya gama ta cire abin daga kunne ta riƙe a cinya.

"Kyari, ka ce duk muryar da aka ba abin nan yana shigar da ita soron?"

"Kowace iri, Ya Falmata."

"Ko tawa?"

"Ko taki."

"To ɗauka."

Na kafa makirfo a gabanta. Na zaci addu'a za ta yi wa Baba. Ta ɗan gyara murya, ta karkata kai kamar mai leƙe ta bayan asabari, ta yi kira da irin muryar da uwa take kiran yaro in karatu ya tashi abinci yana hucewa.

"Modu. Modu, taho."

Na ɗora wa kiran amsar soron, na mayar mata da abin a kunne. Na ga lokacin da kiran ya shiga soron, don fuskarta ta canza. Ta saurara har wutsiyar ta mutu, ta ƙara jira kaɗan bayan nan. Ba ta ce in sake sa mata ba.

"To, ya ji," in ji ta. "Kashe. Ka ce wa yaran nan su dama mini kunu."